Shayi, sukari da takardar Kawu

A hutun bara Kawu ya miƙo mini takardar gwajin jininsa daga likita, ya ce: "Ɗana, kai da ke karatun harsuna, faɗa mini abin da aka rubuta nan." Da Faransanci take, an ja layi ƙarƙashin kalma guda, tirigiliserid. Na tsaya ina lalube, don Hausa ba ta da sunanta. Daga ƙarshe na ce masa maiƙo ne ya yi yawa a jininsa. Washegari sai ga shi ya dawo daga kasuwa da ganyen geza, zoɓo da citta, wai an ce masa "shayin wanke jini" ne. Ya dafa, ya zuba sukari kamar yadda ya saba, ya sha. Wannan ne ya sa na bi diddigin kalmomin nan.

Mu fara da shayi. Kalmar mun are ta daga Larabci, asalinta kuma "ca" ce ta Sin, inda ganyen ya fito. Sukari ma daga Larabci muka samo shi, su kuma daga Farisa, Farisawa daga Indiya. Baƙi ne su biyun. A ƙarni na 19 koren shayin Sin ya yaɗu a Maroko ta hannun ƴan kasuwar Ingila, ayarin raƙuma suka kai shi cikin Sahara. Ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya bi ta Gat da Agadas zuwa Damagaram da Kano, shi ma yana ɗauke da shayi da sukari cikin kayansa. A lokacin abin masu hali ne, attajirai da sarakuna. Buzaye suka riƙe shi, da ƙaramar buta da gawayi da dahuwa uku, mu kuma muka koya daga gare su. Tun shekarun 1990 da fada ta yaɗu a Damagaram, Maraɗi da Yamai, shayi ya zama na samari, na masu jiran aiki kamar mu.

Ganyayyakinmu kuwa sun riga shi. Geza, wadda a Senegal ake kira kinkeliba, tana dajinmu tun fil azal. Yakuwa a gonakinmu take, ganyenta na miya, ƴaƴanta na daddawa, zoɓonta na sha. Sunan bisap da muke ji a Yamai daga Wolof ya zo. Kakanninmu in sun jiƙa ko sun dafa ganye don ciwo, tsimi suke cewa ko jiƙo, kuma da ɗacinsa ake sha. Da kalmar shayi ta yi ƙarfi sai ta haɗiye su: shayin zogale, shayin citta, shayin na'a-na'a. To ga inda gizo ke saƙa. A kunnen Bahaushe shayi ba ya tafiya sai da sukari, don haka duk ganyen da ya karɓi sunan ya gaji sukarin.

Ita kuwa tirigiliserid daga ɗakin gwaji ta fito. A 1823 wani Bafaranshe, Michel Chevreul, ya nuna cewa kitse haɗin giliserin ne da wasu sinadaran maiƙo. "Tiri" ɗin na nufin uku, wato maiƙo uku manne da giliserin guda. Likitoci na son ya kasance ƙasa da giram 1,5 a litar jini in an auna mutum bai ci komai ba. In ya yi yawa yana ƙara haɗarin ciwon zuciya. Abin da Kawu bai sani ba, hanta na mayar da sukarin da ya wuce buƙatar jiki ya zama wannan maiƙon. Ashe fassarata ma ta yi masa illa: da ya ji "maiƙo" sai ya bar kitsen nama, bai taɓa zargin finjalinsa ba.

Ban ce ganye banza ne ba. An gwada zoɓo an ga yana ɗan sauke hawan jini, amma a kan maiƙon jini sakamakon bai tsaya wuri guda ba, haka ma koren shayi. Abin da aka tabbatar shi ne rage sukari da lemun kwalba, barin barasa, rage ƙiba, yawan tafiya a ƙafa, da shan maganin likita in ya rubuta.

Na koma na gyara fassarar. Na ce: "Kawu, maiƙon nan har da sukari ke haifar da shi." Ya yi shiru, ya ce to shayi ba sukari ai tsimi ne. Na ce haka ne, shi kakanninmu suka sha. Yanzu gezarsa da ɗaci yake sha, yana yamutsa fuska. Ni kuma a fadarmu har yau ban samu mai dafa mana shayi ya rage ko cokali guda ba.