Daga Izgar Doki Zuwa Ƙashin Saniya: Kayan Tsirkiya a Ƙasar Madarunfa

Garin Madarunfa yana kudu da Maraɗi, tafiyar da ba ta wuce kilomita 25 ba, a kan yankin da ya gangara zuwa Ɗan Isa da iyakar Jibiya. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne tafkinsa da kaburburan waliyyai 99, waɗanda Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO a 2006 cikin jerin wuraren da take neman a sa su a kayan tarihin duniya. Amma ƙasar da ke tsakanin tafkin da dajin Babban Rafi tana da wani arzikin da ba a cika ambata ba. Duk abin da mai haɗa gurmi ko garaya ko goge yake bukata, a da yana samunsa bai taka kasuwa ba: duma a gona, itace a daji, damo da guza a rami da bakin ruwa, izga a wutsiyar doki, fata a wurin majema.

Kiɗan tsirkiya a kwarin Gulbin Maraɗi ya daɗe. Bayan da masu jihadi suka karɓe birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a Maraɗi wajen 1819. Fada ta zo da tamburanta da kakaki da algaita. Tsirkiya kuwa ta zauna a hannun talakawa: garaya wurin maharba, goge da garaya wurin ƴan bori, gurmi wurin ƴan kokawa da mawaƙan da ke yawo gari gari. Masu bincike sun tarar da wannan duniya da ranta. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta fitar da littafi kan borin Maraɗi a 1972, Veit Erlmann da Habu Magaji kuma suka rubuta nasu kan girka a 1989. A Najeriya, David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu a 1971.

Wanda ya duba goge da kyau zai ga cewa muryarsa duka tana rataye ne a kan ɗan guntun itace. Ana raba duma biyu, a rufe bakinsa da fatar guza ko ta damo, a ratsa sanda ta tsakiya. Tsirkiyar izgar doki ce, abin gogawar ma izga ce da ake shafa wa ƙaro. Tsakanin tsirkiya da fata sai a kafa jaki, wanda ke ɗaga tsirkiyar yana kai rawarta cikin duman. In jakin ya yi tsawo, tsirkiya ta yi wa yatsa nisa. In ya yi gajarta, ta kwanta a kan fata murya ta shaƙe. In itacen mai taushi ne, sai ya shanye amon. Saboda haka makaɗi kan sassaƙa jakinsa da kansa, ya gwada, ya rage, ya sake gwadawa.

A can saman sanda kuwa, gurmi da garaya da molo ba su da wani abu kafaffe. Da tsinken fata ake ɗaure kowace tsirkiya a wuyan, makaɗi ya tura ɗaurin sama ko ya jawo shi ƙasa har murya ta daidaita. Da damina fata takan saki, da hunturu ta ɗame, shi ya sa gyaran murya ya zama rabin sana'ar.

Canji na farko ya zo ne daga nesa. A 1935 masanan kamfanin DuPont a Amurka suka ƙirƙiro nailan, kafin 1940 kuma har an fara sayar da zaren kamun kifi da aka yi da shi. Bayan yaƙin duniya na biyu, Albert Augustine ya yi wa shahararren makaɗin jita Andrés Segovia tsirkiyar nailan a madadin ta hanji. A Afirka ta Yamma ba a jira masana'anta ba. Zaren da masunta ke ɗaura wa ƙugiya shi makaɗa suka ɗauka suka ɗaura wa gurmi da molo, domin yana da araha, ba ya jin raɓa, ba ya saurin tsinkewa. A gari mai tafki da masunta irin Madarunfa, samunsa bai taɓa zama aiki ba. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙara tura al'amarin gaba: dabbobi suka ragu, daji ya ja baya saboda gonaki da saran itace, namun da ake cin moriyar fatarsu suka yi wuya.

Makaɗan Najeriya da Nijar ba su ɗauki sauya kaya abin kunya ba. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zagaya duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, irin wanda ake haɗawa da gwangwanin kifi da fatar akuya. Malam Mamman Barka na Nijar, da ya rasu a 2018, ya yi suna da gurmi kafin ya je gabar tafkin Cadi ya koyi biram. Mdou Moctar, ɗan arewacin Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Jita ta shigo da wani sabon abu. Bayan jakin da ke kan cikinta, tana da ɗan matashi a ƙarshen wuya, wurin da kai ya fara, mai tsaga shida, kowace tsirkiya da tata. Shi ke raba tsirkiyoyin, shi ke tsayar da tsayinsu daga katako, daga kansa kuma ake auna tsawon da ke rawa, wanda a jitar nailan yake kusan santimita 65. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna ja da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 70, suna kai da komowa cikin tsagar duk lokacin da aka murɗa kunne. Abu mai taushi ba ya daɗewa a wurin.

Tsofaffin jitoci masu tsada a Turai da Amurka da hauren giwa ake yi musu wannan matashi. An rufe wannan babi a 1989, lokacin da yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe. A shekarun 1970 an yi yayin tagulla, masu cewa tana tsawaita amo. Daga baya kamfanoni suka fito da haɗe-haɗen roba masu tauri da masu santsi, irin su Tusq na kamfanin Graph Tech a Kanada. Jitoci masu araha da ke cika kasuwannin Kano da Maraɗi da Yamai kuwa yawanci da roba mai taushi suke zuwa, wani lokaci ma cikinta fanko. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna taya tsirkiya cin ta, tsaga ta yi zurfi, sai a ji jita tana zuza in an kaɗa ba a danna ba. In kuma tsagar ta matse, tsirkiya ta riƙa maƙalewa, murya ta ƙi zama.

Abin da manyan masu gyaran jita a duniya suka fi yarda da shi har yau shi ne ƙashin ƙwaurin saniya, kuma wannan ba baƙo ba ne a ƙasar da kowace kasuwa take da mahauta. Ana dafa ƙashin a cire ɓargo da maiƙo, domin maiƙon da ya rage yakan hana gam kamawa ya kuma ɓata katako. In ya bushe sarai sai a yanka, a goge shi daidai gurbin tsohon. Tsohon matashin ana ɗan bubbuga shi ne a hankali ya fita, a kuma ajiye shi don auna tazarar tsaga. Kowace tsaga ana yanka ta gwargwadon kaurin tsirkiyarta, tana ɗan gangarawa wajen kai, kaɗan kaɗan, saboda abin da aka zaftare ba ya dawowa. Ɗigon gam biyu ya isa, don wanda zai sake gyara gobe ya iya cirewa. Daga ƙarshe a goga bakin fensir a cikin tsagar, tsirkiya ta riƙa zamewa.

Hannun da ya iya sassaƙa jakin goge ba zai sha wuya a wannan aiki ba, gwadawa da ragewa ne duka. Damuwar ita ce masu wannan hannu suna ƙarewa. Bori ya ja baya tun da wa'azi ya yi ƙarfi a Maraɗi daga shekarun 1980, bukukuwa sun koma hannun masu fiyano da lasifika, matasa kuma sun fi sanin sitidiyo a kan duman gurmi. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da aka buɗe a Yamai a 1989 tana adana kayan kiɗan gargajiya na ƙasar, amma tsakaninta da Madarunfa akwai fiye da kilomita 600. Sanin itacen da ya dace da jaki, da lokacin da ake ɗame fata, da yadda ake zaɓen izga, yana nan ne a kan dattawan ƙauyukan da ke kewaye da tafkin, kuma aikin ɗaukar bayaninsu da koya wa yara yana jiran gidajen rediyon yankin da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi.