Canjaras a Gasar Ces ta Matasa

Wasan ces, wanda wasu ke kira darar Turawa, asalinsa daga Indiya ne. Daga can ya bi ta Farisa zuwa ga Larabawa, su kuma suka kai shi Turai. A dokarsa ta yau wanda ya ci yana da maki 1, wanda aka ci ba shi da kome, in kuwa an yi canjaras sai kowa ya ɗauki rabin maki.

Da can ba haka abin yake ba. A Ingila, cikin ƙarni na 17 da na 18, idan ka toshe wa abokin karawarka duk hanyar motsi alhali ba ka kai wa sarkinsa hari ba, to, kai aka ci. Sai a farkon ƙarni na 19 aka mai da wannan hali canjaras.

An fara Gasar Matasa ta Duniya a birnin Bamingam a 1951, Borislav Ivkov na Yugoslabiya ya lashe. A karo na biyu, a Kofanhagen cikin 1953, aka ga amfanin rabin maki. Oscar Panno na Ajantina, ɗan shekara 18, da Klaus Darga na Jamus ta Yamma suka gama zagayen ƙarshe kowa da maki 5½ cikin wasa 7. Sai alƙalai suka koma ga lissafin da ake kira Sonneborn-Berger, watau a haɗa wa ɗan wasa makin duk waɗanda ya ci, a ƙara masa rabin makin waɗanda suka yi canjaras da shi. Da haka Panno ya zama zakara. Ashe canjaras suna suka tara: wanda aka yi da gwani ya fi wanda aka yi da rago daraja.

Shekara huɗu bayan haka, a Toronto, William Lombardy na Amurka ya ci wasanninsa 11 duka, bai raba maki da kowa ba.

Abin da ya daɗe yana damun masu shirya gasa shi ne 'yan wasa su sha hannu tun wasa bai yi nisa ba, don tsoron faɗuwa. Shi ya sa a gasar Sofiya ta 2005 aka hana ɗan wasa yi wa abokinsa tayin canjaras kai tsaye, sai ta hannun alƙali. Yaron da ya saba da gudun faɗuwa ba ya koyon yadda ake ƙarasa wasa. Amma wanda aka matse, ya daure har ya ƙwaci rabin makinsa, wannan ya ci guminsa.