Wa Za a Sauke Daga Mota? Hujjar Sam Harris a Shingayen Kurfai

A shekarar 2012 marubucin nan na Amurka, Sam Harris, ya fito fili ya ce a filin jirgin sama kamata ya yi a tsananta bincike a kan Musulmi da duk wanda ya yi kama da Musulmi, a daina ɓata lokaci a kan tsofaffi da yara. Masanin tsaro Bruce Schneier ya mayar masa da martani a wannan shekarar, kuma muhawarar masana shari'a a kan batun sananniya ce (Schauer 2003, Harcourt 2007). Da maganar ta tsaya a filayen jirgin Amurka, da ba a sake tayar da ita a nan ba. Sai dai ra'ayin ya sauya riga ya shigo Sahel, inda ake jin sa cikin kalmomi huɗu: an san masu yi.

Filinge, babban garin ƙasar Kurfai, tana cikin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Yawancin Kurfayawa ba sa ganin na'urar binciken filin jirgin Diori Hamani sai in aikin Hajji ya kama. Ƙofar bincikensu ita ce shingen jandarma da na soja a kan hanyar da ta bi ta Baleyara, inda ake tsayar da mota, fasinja su sauko, kowa ya nuna katin ɗan ƙasa. An kafa dokar ta-ɓaci a Abala da Banibangu da Walam tun Maris 2017. A Janairu 2020 ta iso gundumar Filinge, bayan an kashe soja 71 a Inates da wasu 89 a Shinagodar cikin wata guda.

Adalci ne a fara da faɗin hujjar Harris da dukan ƙarfinta. Lokacin jami'in tsaro ƙayyadadde ne, kowane minti da ya ɓata a kan wanda ba shi da haɗari ya rage shi ne daga wanda ke da haɗari. A Kurfai kusan kowa Musulmi ne, don haka addini ba ya rarrabe kowa, sai ƙabila ta maye gurbinsa. Mai bin Harris zai ce rahoton International Crisis Group na 2020 da kansa ya nuna reshen IS na wannan yanki ya sami mayaƙa da yawa daga Fulanin arewacin Tilaberi. To me zai sa jandarma ya kwance buhun geron tsohuwa alhali ga saurayi makiyayi da rawani a kujerar baya? A wurinsa, binciken bai-ɗaya wasan kwaikwayo ne da ake biya da rayukan mutane.

Kuskuren farko na lissafi ne, kuma abin mamaki ne a ce mai digirin kimiyya ya faɗa cikinsa. Cewa yawancin mahara sun fito daga wata al'umma daban yake da cewa ɗan wannan al'umma mai yiwuwa mahari ne. A ɗauka, don misali kawai, matafiya dubu goma sun wuce wani shinge, dubu biyu daga cikinsu makiyaya, kuma mutum biyu ne masu mugun nufi, dukansu daga cikin dubu biyun. Ko an ba Harris wannan duka, jami'in da ya tsare kowane makiyayi zai tsare marasa laifi 999 a kan kowane mai laifi ɗaya. William Press ya nuna a 2009 cewa ko da an san ainihin haɗarin kowane rukuni, zuba bincike daidai da girman haɗarin bai fi zaɓen kan-mai-uwa-da-wabi saurin gano mai laifi ba, domin mutanen kirki guda ne ake ta maimaita bincikensu. Wanda ya san hanyar Filinge zai gane wannan, tunda fatake da dillalan dabbobi guda ne ke bin ta kowane mako.

Na biyu, Harris yana magana kamar mahari dutse ne da ba ya motsi. A Afrilu 1986 an sami bam a jakar Anne-Marie Murphy a filin Heathrow na Landan, 'yar Ayalan mai juna biyu wadda saurayinta ya ba ta jakar ba tare da ta san abin da ke ciki ba. Nijar ma tana da nata darasin. Jirgin UTA 772 da ya tarwatse a sararin Tenere ranar 19 ga Satumba 1989, mutum 170 suka mutu, a Brazzaville aka loda masa akwatin bam. Kotun Paris ta yanke wa 'yan Libiya shida hukunci a bayan idonsu a 1999, amma masu bincike sun ce a hannun wani ɗan Kwango akwatin ya shiga. Chakrabarti da Strauss (2002) sun fayyace dabarar: ƙungiya ta riƙa aika mutanenta hannu wofi har ta gano wanda ba a tsayarwa, sannan ta ba shi saƙon. Shingen da kowa ya san wanda yake saukewa ya riga ya sanar da wanda ba ya saukewa.

Harris yana da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Zai ce ai jami'an kamfanin jirgin sama na El Al, masu tantance fasinja da asalinsa, su ne suka kama Murphy bayan ta wuce na'urar filin. Haka ne. Amma fa sun kama ta ne domin sun bincika jakar macen da kamanninta ba su nuna komai ba, wato sun yi abin da Harris ke kira ɓata lokaci. Balle a Kurfai, inda kamannin ma ba su da tabbas. In hunturu ya busa, Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Bafulatani duk rawani suke naɗawa, mutum ɗaya kuma yana iya yin ciniki da harshe uku. Shugaban reshen IS ɗin da kansa, Adnan Abu Walid al-Sahrawi, wanda sojan Faransa suka kashe a 2021, ɗan Yammacin Sahara ne.

Batu na uku shi ne ya fi nauyi a ganin wannan maƙala. Kafin Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin Detroit ranar 25 ga Disamba 2009, mahaifinsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya yi gargaɗi. Labarin ya zo daga cikin gida, hukuma ce ta kasa aiki da shi. Martanin Amurka shi ne jera ƙasashe 14, har da Najeriya, don tsaurara wa mutanensu bincike, matakin da ta janye a Afrilu 2010. A dajin arewacin Filinge kuwa, wanda zai fara ganin baƙin babura a bakin rijiya shi ne makiyayi. Da wuya mutumin da aka zaunar cikin rana jiya saboda harshensa ya kai wa wanda ya zaunar da shi labari yau. Tsoron nasa kuma yana da tushe: a Satumba 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar ta ce ta gano gawa 71 a kaburburan bai-ɗaya a yankin Inates, cikin bincikenta kan mutum 102 da suka ɓata, ta kuma ɗora alhakin a kan wasu jami'an tsaro.

A nan dole a taƙaita da'awar. Waɗannan hujjoji ba su kai a ce wulaƙancin shinge ne ke tura matasa daji ba. Rikicin gona da kiwo, satar shanu, da farmakin mayaƙan ƙungiyoyin MSA da GATIA na 2018 sun fi kusa da wannan bayani. Ba su kuma hana jami'i aiki da siffa ba idan sahihin labari ya zo cewa wasu mutum uku masu kama kaza sun taso daga wuri kaza, domin wannan neman mutum ne takamaimai. Abin da suka tabbatar ƙarami ne: ƙabila ita kaɗai alama ce mai rauni, mai sauƙin kaucewa, mai tsada. Doka ma a nan ta tsaya, tunda sashe na 4 na yarjejeniyar 'yancin jama'a da siyasa ta 1966, wadda Nijar ta shiga a 1986, ya yarda a rage wasu 'yanci lokacin ta-ɓaci amma ya hana wariya bisa launi ko harshe ko addini kaɗai.

Masu adawa da Harris ma kada su yi saurin murna, domin matakin bai-ɗaya ba lallai ya zama adalci ba. Hana hawan babur da aka yi a jihar Tilaberi daga 1 ga Janairu 2020 bai ambaci wata ƙabila ba, amma ɗan kabu-kabu da mai kai mara lafiya asibiti daga ƙauye su suka ɗauki nauyinsa, mai mota bai ji komai ba. Neman katin ɗan ƙasa ma haka yake, ya fi kama wanda aka haifa a ruga nesa da ofishin magajin gari. Karanta halayyar matafiyi, wadda wasu ke gani ita ce mafita, ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya duba ta a 2013, bayan an kashe mata kusan dala miliyan 900, ya ce babu shaidar tana aiki. Abin da ya rage wa shingen hanyar Filinge shi ne zaɓen da jami'i ba shi da hannu a ciki, kamar kwance kayan kowace mota ta kaza, sai sahihin labari, sai kai alƙalai rugage su ba da takardun haihuwa kamar yadda ake yi lokaci-lokaci, sai kuma rubuta wanda aka sauke da dalilin sauke shi, yadda wani zai iya dubawa daga baya.