Daga Fagen Fama Zuwa Ma'aunin Ɗabi'a

Dungeons & Dragons wasa ne da ake yi kewaye da tebur, kowane ɗan wasa ya ɗauki matsayin jarumi a labarin da alƙalin wasa ke jagoranta. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a Amurka a 1974, rukunoni uku jarumi ke zaɓa daga ciki: Doka, Hargitsi, ko ba-ruwanmu. Tunanin ya fito ne daga littattafan Poul Anderson da Michael Moorcock, tambayarsa kuwa ta yaƙi ce: wane ɓangare kake mara wa baya?

Littafin 'yan wasa na 1978 ya haɗa waɗannan da nagarta da mugunta, rukunonin suka zama tara, tambayar ta koma ta ɗabi'a. Jarumin addini da ake kira paladin, in ya aikata mugunta da gangan, ya rasa baiwarsa har abada. To, kashe maƙiyin da ya miƙa wuya mugunta ce? Alƙali kaɗai ke yanke hukunci, gardama kuma ta kaure.

Bugun 2008 ya rage rukunonin zuwa biyar. Na 2014 ya dawo da tara, amma ya ɗaure paladin da rantsuwar da ya zaɓa da kansa, ita ake auna aikinsa da ita.