Aikin Kaka a Lambun Bayan Gida: Daga Kakanninmu Zuwa Gare Mu

'Yan uwa mata, tunda ranar kafa ƙungiyarmu ta sake zagayowa a daidai lokacin kaka, muka ga ya dace mu waiwayi wani aiki da ya girmi ƙungiyar, ya girmi mu duka: aikin da mace ke yi a lambun bayan gida daga ɗaukewar ruwa a watan Oktoba zuwa shigowar hunturu.

Lambun nan yana da dogon tarihi. Kuɓewa da yakuwa da kuka 'yan asalin Afirka ne, da su aka san miyarmu tun fil azal. Barkono da tattasai da tumatir da gwanda da gwaba kuwa baƙi ne daga nahiyar Amurka, sai bayan shekarar 1500 suka fara ƙetaro teku. Mangwaro da zogale daga yankin Indiya suka fito. Duk waɗannan baƙin sun zama 'yan gida ne saboda kowace kaka akwai mai ware iri ta ɓoye, ta ɗiba wa maƙwabciya.

A zamanin kakanninmu, da maza sun shiga girbin gero da dawa, mata su ma sun shiga nasu. A yanka kuɓewa siri-siri a baza a tabarma. Ganyen kuka da lalo da karkashi a inuwa ake shanya su, don rana na kashe musu launi. A ɓare zoɓo, a shanya, 'ya'yan kuma a dafa a yi daddawar batso. Kabewa a jera ta inda babu laima, ta yi watanni ba ta lalace ba. Sannan sai babban aiki, wato ajiyar iri. Kuɓewar da ta fi kyau ba a cin ta, barin ta ake yi a jikin uwa har ta ƙosa ta bushe. Irin wake a cuɗa shi da toka a zuba a gora ko tulu, a liƙe bakin, ƙwari su rasa hanya. Daga nan a gyara shingen kara, domin da an gama girbi za a saki awaki. A tara kashin dabbobi da toka a zuba wa ƙasa, a kewaye ƙananan mangwaro da lemun tsami, a fara ba su ruwan wanke-wanke. Matar da ke cikin kulle ma ba a bar ta a baya ba, a tsakar gida take nata, yara su kai rarar kasuwa.

Amfanin wannan tanadi ya fito fili a farin 1973 zuwa 1974, da kuma na 1984. Manyanmu da suka ga lokacin suna faɗa mana cewa gidan da ke da busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa, ko yaya tuwon ya ƙaranta, akwai abin haɗiye shi. Wadda ta ɓoye iri kuma, da ruwa ya dawo ba ta je roƙo ba.

Bayan farin farko abubuwa suka fara sauyawa. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura, ɗanyen tumatir da albasa suka cika kasuwa a tsakiyar rani. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, ana kiran kowane gida da ya yi ɗan lambu. A 1987 Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara, ƙungiyoyin mata suka yawaita. An samu ci gaba, babu shakka. Sai dai a hankali muka saba da sayen komai: tumatir na gwangwani da na leda, dunƙulen ɗanɗano a madadin daddawa, irin shuka kuma a 'yar takarda daga shago. Filin bayan gida ma aka yi ta gina ɗakuna a kai.

Shekarar 2016 ta tuna mana abin da muka saki. Tsutsar nan da masana ke kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Farashi ya tashi, talaka ya koma kallo. To wa ya tsira? Mai kauɗa a buhu, da mai busasshen tattasai a rataye.

Abin da ya fi damun mu yau shi ne iri. Irin aure da ake sayarwa a shago yana ba da yabanya mai kyau a shukar farko, amma in kika ɗebi 'ya'yansa kika sake shukawa, ba zai fito kamar uwarsa ba, dole ki koma ki saya. Na gadonmu kuwa ya san ƙasarmu, ya san ranarmu, kuma kyauta ne. Amma fa in tsohuwar da ke riƙe da shi ta rasu ba wanda ya karɓa, shi ke nan, ya tafi.

Don haka kakar bana, kowace 'yar ƙungiya ta ware iri ko da kala biyu ne, ta busar da shi sosai, ta zuba a kwalba mai murfi, ta rubuta suna da shekara. Ku tambayi iyaye da surukai abin da ke cikin gorunansu. Mai ƙarancin fili ta cika tsohon buhu da ƙasa da taki, yanzu ne lokacin dasa tumatir da albasa da latas. Ku ja 'yan mata a jiki su koyi yanka da shanya, maigida da samari kuma su taimaka da shinge. A taronmu na gaba kowa ta zo da nata mu yi musaya. Ai don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Allah ya maimaita mana, ya sa albarka a abin da muka adana.