Finafinan kaboyi: daga yabon jarumi zuwa bitar tarihi

Finafinan kaboyi na ba da labarin yadda Turawa suka bazu zuwa yammacin Amurka, musamman bayan yaƙin basasar ƙasar da ya ƙare a 1865.

Masu nazarin fim kan kasa su gida biyu: na gargajiya, da kuma masu bitar tarihi. Babban abin da ya raba su shi ne wanda aka ba gaskiya, da kuma yadda aka ɗauki zubar da jini.

Salon gargajiya

Daga cikin na farkon akwai The Great Train Robbery na 1903, amma salon ya kankama ne da fim ɗin Stagecoach na 1939, wanda John Ford ya ba da umarni, kuma ya fito da John Wayne a idon duniya.

A irin waɗannan finafinai, nagari daban mugu daban. Jarumi ba ya zare bindiga sai an kai shi bango, kuma idan ya yi kisa, doka ce ta yi nasara.

A fim ɗin Shane na 1953, wani baƙo ya kare ƙananan manoma daga wani attajiri mai garken shanu, sa'an nan ya hau dokinsa ya tafi.

Su kuwa ƙabilun asali, waɗanda akan kira Jajayen Indiyawa, galibi akan nuna su ne a matsayin mahara, ba tare da an ce uffan a kan ƙasarsu da aka ƙwace ba.

Dokar tace finafinai ta Hays, wadda aka tsaurara daga 1934, ita ma ta taimaka, domin ta hana a nuna mai laifi ya ci bulus.

Masu bitar tarihi

Sauyin bai zo dare ɗaya ba. Tun a 1950 fim ɗin Broken Arrow ya nuna shugaban ƙabilar Apache, Cochise, a matsayin dattijo mai cika alƙawari. A 1956 kuma Ford da kansa ya sa Wayne ya fito a The Searchers a matsayin mutumin da ƙiyayyar launin fata ta rufe wa ido.

Daga Italiya, Sergio Leone ya fito da A Fistful of Dollars a 1964, inda Clint Eastwood yake faɗa domin kuɗi.

Bayan da aka jingine dokar Hays a 1968, Sam Peckinpah ya nuna mutuwa da duk muninta a The Wild Bunch na 1969.

A 1970 fim ɗin Soldier Blue ya ɗauko kisan kiyashin da sojojin Amurka suka yi wa ƙabilun Cheyenne da Arapaho a Sand Creek a 1864. Masu sharhi da dama sun danganta shi da kisan fararen hula a My Lai ta Vietnam a 1968.

A 1972 Sidney Poitier ya shirya Buck and the Preacher a kan 'yantattun bayi masu ƙaura zuwa yamma, abin da tsofaffin finafinai suka kau da kai daga gare shi.

Daga baya salon ya samu karɓuwa a Hollywood. Dances with Wolves na 1990, wanda aka yi amfani da harshen Lakota a cikinsa, ya lashe kyautar Oscar bakwai. Unforgiven na 1992, labarin wani tsohon makashi da abin da ya aikata ke damunsa, ya samu huɗu.

Sai dai su ma ba su tsira daga suka ba. Wasu na cewa a yawancinsu Bature ne har yanzu jarumi, ƙabilun asali kuwa 'yan rakiya.

Tasiri a Afirka

A da, sinimomin birane irin su Kano da Yamai sun daɗe suna nuna finafinan kaboyi. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi fim ɗin Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya komo gida da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauyensu.