Daga Hari zuwa Ci da Yaƙi: Dabarun Mayaƙan Baikin a Ingila, 793-878

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba dalilin da ya sa mayaƙan Baikin, watau mutanen ƙasashen da a yau ake kira Denmak da Norwe da Suwidin, suka rinjayi yawancin sarakunan Ingila a ƙarni na 9. Mu a ganinmu ba fifikon makami ba ne, domin takobi da mashi da garkuwar da suke riƙewa ba su bambanta da na abokan gabarsu ba. Abin da ya ba su galaba shi ne saurin tafiya, da kuma sanin lokacin da gari ya rabu biyu.

Harin da ya fara girgiza Turai shi ne na tsibirin Lindisfarne a 793, inda suka washe gidan ibadar malaman Kirista. Irin waɗannan gidaje suna bakin teku, cike da kayan azurfa, kuma babu dakarun da ke tsaronsu. Jirgin ruwansu ne ya sauƙaƙa aikin. Wanda aka tono a Gokstad ta Norwe a 1880 tsawonsa kamar mita 23 ne, da gurbin matuƙa 16 a kowane gefe, amma bai nutsa cikin ruwa sosai ba. Saboda haka yana iya keta teku, ya shiga kogi, a kuma ja shi kan yashi ba tare da neman mashaya ba. Kafin sarki ya tara mayaƙa, maharan sun kwashi ganima da bayi sun yi gaba.

Sai dai hari ba ya cin ƙasa. Canjin da ya kamata mu lura da shi ya zo ne sa'ad da suka daina komawa gida da hunturu. Sun kafa sansani a Dublin a 841, a 845 kuma Sarki Charles mai Sanƙo ya biya su laba 7,000 na azurfa don su bar Faris, abin da ya koya musu cewa barazana ma tana kawo riba.

A 865 babbar runduna ta sauka a Gabashin Angliya. Mutanen ƙasar suka ba su dawaki don a zauna lafiya, da waɗannan dawaki ne kuwa suka kama birnin York a 866. Ba a banza suka nufi can ba: Osberht da Aella suna rigimar gadon sarautar Northumbria, kuma dukansu biyu sun mutu a 867 wajen ƙoƙarin ƙwato birnin. An kashe Sarki Edmund na Gabashin Angliya a 869. A 874 suka kori Burgred daga Mercia suka naɗa Ceolwulf, wanda ya yi musu mubaya'a. Kowace shekara sukan sauya sansani, su ci abincin yankin, su karɓi fansa, su tashi.

Game da yawansu, masana sun yi saɓani. Peter Sawyer ya yi jayayya a 1962 cewa malaman da suka rubuta labarin sun zuzuta adadi, tun da su ne aka cuta. Wannan gargaɗi yana da amfani, amma sansanin da aka gano a Torksey, inda suka yi hunturun 872 zuwa 873, ya kai kadada 55, kuma wannan fili na dubbai ne. Har ila yau an tsinci gutsattsarin dirhami na ƙasashen Musulmi a wurin, alamar cewa ciniki da yaƙi tare suke tafiya.

Wessex kaɗai ta tsira, ita ma da ƙyar. A watan Janairu na 878, lokacin da ba a saba fita yaƙi ba, Guthrum ya auka wa Chippenham, Sarki Alfred ya ɓuya a fadamar Athelney. Da ya tara jama'a ya ci su a Edington cikin shekarar, Guthrum ya karɓi Kiristanci. Daga baya Alfred ya kewaye ƙasarsa da garuruwa masu ganuwa, ya raba mayaƙa biyu, rabi a fagen daga rabi a gona, har saurin maharan ya rage amfani. A lokacin kuwa wasunsu sun riga sun sauya sana'a, domin tun a 876 Halfdan ya raba wa mutanensa ƙasar Northumbria, suka kama noma.